AUNA KAFIN KA JONA

Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal ɗinmu ya yi a taron ƙungiya na bayan girbi, domin samari da ƴan mata masu son koyon aikin lantarki. Mun buga shi dukansa bisa roƙon waɗanda ba su samu zuwa ba.





An ce mu yi magana a kan wutar lantarki, wadda mu a nan muka fi kira kuran. Mu dai malaman lakwal ne. Abin da muka sani kaɗan ne: wani mun koyo shi a makarantar horon malamai, wani kuwa batir ɗin ƙungiyar nan ne ya koya mana, kuma ya karɓi kuɗin makaranta mai tsada. Da labarinsa za mu fara, domin duk wanda ke zaune a nan da kuɗinsa a ciki.

1. YADDA MUKA KASHE BATIR ƊINMU

Kun tuna mun yi karo-karo muka sayo pano, watau faifan da ke maida hasken rana wuta, mai ƙarfin wat 50, da batir mai bolt 12 wanda aka rubuta wa 40 Ah, da ɗan akwatin nan da ake kira regilater. Nufinmu ƙwan fitila huɗu domin karatun dare na manya. Ba a jima ba aka fara kawo salula caji. Daga baya aka kawo talabijin saboda ƙwallo. Wata rana ana tsakiyar wasa sai regilater ya yanke wuta. Aka ce ya lalace, aka tsallake shi, aka jona waya kai tsaye bisa batir, wuta ta dawo, aka yi tafi. Muna wurin, mu ma mun tafa. Kafin damina ta kewayo batir ya mutu, karatun dare ya koma ga tocila, da yawa cikin iyayenmu mata suka daina zuwa.

An zagi mai shago, an ce jabu ya sayar mana. Da muka zauna da alli da allo sai muka ga laifin namu ne. Regilater lafiyarsa lau. Aikinsa ke nan ya yanke wuta in batir ya kusa ƙarewa. Mu ne muka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Lissafin da zai hana wannan asara bai wuce na ɗan aji CM2 ba. Saboda haka abin da muka zo faɗa yau guda ne: wuta ba a ganinta da ido, sai da awo da lissafi. Ku auna, ku lissafa, sa'an nan ku jona.

2. ABUBUWA UKU DA KE CIKIN KOWACE WUTA

Ku dubi tankin ruwa da ke bisa hasumiya, wanda muke ce wa shato, da tiyon da ke sauko da ruwa daga gare shi.

Na farko, tsawon hasumiyar. In tanki ya yi sama sosai, ruwa yana fitowa da ƙarfi. A wajen wuta wannan ƙarfin turawa shi ake aunawa da bolt, kuma a littafin faransanci ana rubuta shi da harafin U. Pil ɗin tocila bolt 1,5 ne. Batir ɗin salula kamar 3,7. Cajar salula ta yau da kullum tana ba da 5. Batir ɗin mota da na pano 12. Wutar NIGELEC da ake ja cikin gidajen Matameye da Damagaram, da ta injin gurup, 220.

Na biyu, yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo. A wajen wuta ana auna shi da amper, harafinsa I. In an raba amper ɗaya kashi dubu, kowane kashi miliamper ne.

Na uku, ƙuncin tiyon. Siririn tiyo mai tsawo yana tauye ruwa, mai faɗi kuwa yana sakinsa. Wannan tauyewa ita ce reziztans, ana auna ta da om, harafinta R.

Sunayen nan na mutane ne. Volta ɗan Italiya ne, shi ya haɗa pil na farko a 1800. Mu ne muka maida harafin farko na sunansa b, tun da haka bakinmu ya saba. Ampère Bafaranshe ne. Ohm kuwa Bajamushe ne, kuma malamin makaranta ne kamarmu lokacin da ya fitar da dokar da ta haɗa ukun, a 1827. Ga ta:

U = R × I

Akwai ta biyu, mai ba da ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat, harafinsa P:

P = U × I

Wanda ya riƙe layin nan biyu ya riƙe gindin sana'ar. Misali: talabijin mai wat 60 bisa batir mai bolt 12 tana jan 60 a raba da 12, watau amper 5. Wat 60 ɗin nan bisa wutar 220 ba ya jan ko sulusin amper ɗaya, 0,27 ne kawai. Ku riƙe wannan bambanci, za mu komo gare shi.

Wani abu kuma: wuta ba ta tafiya sai ta samu hanyar komawa. Tana fita ta wannan kan batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila, ta koma ta ɗaya kan. In hanya ta yanke ko'ina, aiki ya tsaya. Aikin makunni ke nan. In kuwa wayoyin biyu suka taɓa juna ba tare da ƙwai a tsakaninsu ba, R ya kusa zama sifiri, amper ya hau ba iyaka, waya ta yi ja, robarta ta kama da wuta. Wannan shi ne haɗewar waya, kuma shi ke cin ɗakunan kara.

Har wa yau, wuta iri biyu ce. Ta pil da batir da pano hanya guda take bi, tana da kan ƙari (+) da kan ragi (−), ba a juya su. Ta NIGELEC da ta gurup kai-da-komo take yi, sau 50 cikin sakan guda. Kowane kaya da irin wutar da yake ci. Kafin ku jona komi, ku juya bayansa ku karanta ɗan rubutun da ke jiki: bolt nawa, wat nawa, wace iri.

3. LISSAFIN RUMBU

Yanzu mu koma ga batir ɗinmu. Pano gona ne, batir rumbu ne, kayan da aka jona su ne bakunan gida. Mudun awon kuwa sunansa wat-awa: ƙarfin kaya sau yawan awoyin da ya yi yana aiki.

Ga abin da muke ci kowace rana:

Ƙwai 4 masu wat 5, awa 4: wat-awa 80.
Salula 10, kowace kamar wat-awa 10: wat-awa 100.
Talabijin mai wat 40, awa 3: wat-awa 120.
Jimla: wat-awa 300.

Ga abin da gona ke bayarwa. A ƙasarmu ana lissafa kamar awa 5 na cikakkiyar rana a yini. Wat 50 sau 5 ya ba da 250. Amma zafi da ƙura da waya da shi kansa batir suna cin kusan kashi uku cikin goma, saura 175. Ana noma 175, ana cin 300. Wane maigida ne a nan bai san ƙarshen wannan gida ba?

Ga girman rumbu: bolt 12 sau 40 Ah ya ba da 480. Sai dai batir irin na dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙago a 1859, yana da sharaɗi: rabi ake ci, a bar rabi. Rabin nan kamar iri ne, wanda ya cinye shi ba shi da shuka baɗi. In ana kwashe shi ƙarƙaf kullum, kuma ba ya samun cika, wani farin gishiri yana daskarewa bisa farantan da ke cikinsa, har ya daina riƙe caji. Abin da ya faru da namu ke nan.

Da mun yi lissafi, da mun san muna bukatar pano mai wat 100, wanda zai ba da kamar 350. Batir kuwa: 300 sau 2, a raba da 12, ya ba da 50 Ah, in an so ajiya saboda ranakun hadari da hazo, sai a nemi 100 Ah. In kuɗi bai kai ba, sai a rage baki: a bar ƙwai huɗu da salula, talabijin ta jira. Ko wannan ma 180 ne, ya ɗan ɗara abin da ƙaramin panonmu ke bayarwa, sai an rage salula ɗaya ko biyu.

Shi pano, a fuskantar da shi kudu, a ɗan kishingiɗa shi kamar digiri 15, a nesanta shi da inuwa. Inuwar reshe ɗaya tana iya rage aikin faifan duka. A bar iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa, gama zafi yana rage masa ƙarfi. Lokacin hunturu a riƙa share shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa ga regilater, sa'an nan pano, sa'an nan ƙwai. Pano da ake ce wa na bolt 12, in an auna shi tsirara cikin rana, ya kan nuna 21 ko 22. Shi ya sa ba a haɗa shi da batir ba mai tsaro a tsakani.

4. WAYA DA FIZIBIL

Mun ce kaya mai wat 60 yana jan amper 5 bisa bolt 12. Yawan amper shi ke zafafa waya, saboda haka ƙaramar wutar batir ta fi wutar 220 bukatar waya mai kauri. Mutane da yawa suna zaton akasin haka, su sayo siririyar wayar lasifika saboda araha. Araha ba ta ado.

Ga lissafi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimeta murabba'i ɗaya, kowace meta tana da om 0,017. A ce daga batir zuwa ɗaki meta 10 ne. Zuwa da komowa 20. In wayar mai lamba 1,5 ce: 0,017 sau 20 a raba da 1,5, ya ba da om 0,23. Sau amper 5, an yi asarar bolt 1,1 a hanya, kusan ushirin wutar. In mai lamba 4 ce, asarar ba ta kai rabin bolt ba. Darasi: waya ta yi kauri, ta yi gajarta, batir ya zauna kusa da inda ake aiki. Kuma ku kankare bakin waya ku duba: akwai wadda aka shafa wa jan ƙarfe a sama, cikinta kuwa farin ƙarfe ne, ba ta kai ta gaskiya ɗaukar wuta ba.

Wannan doka ce ta sa manyan layuka ke ɗaukar bolt mai yawan gaske. Layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, yana ciyar da Maraɗi da Damagaram, bolt 132 000 ne. An ɗaga bolt ne domin a rage amper, kada wutar ta ƙare a zafafa waya kafin ta iso.

Fizibil ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi domin ya ƙone a madadin gida. Wurinsa bisa jar waya, dab da kan ƙari na batir. In kayanku duka wat 90 ne, a raba da 12, amper 7,5 ke nan, sai a sa fizibil mai 10. In ya ƙone, magana ya yi muku: akwai ɓarna a wani wuri, ku neme ta. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusa ko takardar kwalin taba, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa buɗe.

5. JERE DA KAFAƊA-DA-KAFAƊA

Hanyar haɗa kaya biyu ce. In an sa su bi-da-bi, kan wannan a gindin wancan, kamar pil uku cikin tocila, wannan jere ne, kuma bolt ne ke taruwa: 1,5 sau 3, 4,5. In an haɗa ƙari da ƙari, ragi da ragi, wannan kafaɗa-da-kafaɗa ne. Bolt yana nan yadda yake, ajiya ce ke ƙaruwa. Batir biyu masu bolt 12 da 100 Ah: a jere su ba da bolt 24 da 100 Ah, kafaɗa-da-kafaɗa su ba da bolt 12 da 200 Ah. Ƙwan fitilar gida kafaɗa-da-kafaɗa ake sa su, domin in ɗaya ya mutu sauran su ci gaba. Kada a haɗa tsohon batir da sabo, tsohon zai tsotse sabon.

Masu lambu, wannan taku ce. Famfon ban ruwa mai aiki da rana yana ƙara shiga fadamu, kuma panonsa a jere ake haɗa su. Babban pano guda yana ba da wajen bolt 40. Shida a jere 240 ke nan, ga ruwa, ga ƙafa ba takalmi. Kada wani ya ce ai wutar rana ce, ba ta kisa. Tana yi. Kuma rana ba ta da makunni: kafin a taɓa waya, a kashe injin, a rufe panon da bargo ko tabarma, ko a bari sai magariba.

6. MA'AUNIN WUTA

Tela yana da tef, ƴar kasuwa tana da tiya, mai aikin wuta yana da multimetir. Shi ne idonku. Ƙaramin bai kai kuɗin batir ko kusa ba, amma da muna da shi da ya cece mu.

In za a auna batir, a murɗa ma'aunin zuwa bolt na wuta mai hanya guda, a lamba 20, jan tsinke bisa ƙari, baƙi bisa ragi. A auna bayan batir ya huta awa biyu ko uku, ba caji ba aiki. In ya nuna 12,6 ko 12,7 ya cika. In ya nuna 12,1 ko 12,2 ya kai rabi, a dakata. In ya sauka ƙasa da 12, an fara cin iri.

Dokoki uku na ma'auni. Ɗaya: in ba ku san yawan wutar ba, ku fara da lamba mafi girma. Biyu: ba a auna om sai an cire wuta. Uku: kada a taɓa ɗora tsinkayen bisa kawunan batir ko ramin jona wuta alhali ma'aunin yana wajen amper, haɗewar waya ce kuka yi da hannunku, nan take zai ƙone.

In kaya ya ƙi aiki, kada ku yi gaggawar buɗe cikinsa. Ku bi hanyar wuta daga tushe: batir yana da caji? Fizibil lafiya? Waya ba ta tsinke ba? Makunni yana kamawa? Mahaɗa ba ta yi tsatsa ba? Sau da yawa ciwon yana nan, ba ya cikin kayan. Sai an wuce waɗannan ake kwance noti. Ko a nan ma ido da hanci ke fara aiki: abin da ya kumbura, abin da ya yi baƙi, abin da ke ƙauri.

7. ƳAN ƘANANAN KAYAN CIKI

Wanda ya buɗe rediyo zai ga kamar gari da unguwanni, amma mazaunansa ƴan kaɗan ne, maimaita su ake yi. Reziztans tana tauye wuta. Zoben launin da ke jikinta su ne lambarta. Kwandansater ƙaramar randa ce, tana tara wuta ta sake ta. Diyod ƙofa ce mai buɗewa gefe guda. Da ita ake maida wuta mai kai-da-komo ta zama mai hanya guda cikin caja. LED diyod ce mai ba da haske, ita ce cikin tocilolin yanzu. Tiranzisto kuwa makunni ne da ƙaramar wuta ke sarrafa babba da shi. An ƙago shi a Amurka a 1947, shi ya sa rediyo ta ƙanƙance har ta shiga aljihun kakanninmu, kuma cikin salular da ke hannunku akwai miliyoyinsa.

Ga aikin farko da muke ba kowane mai koyo. A samo jar LED daga mataccen kaya. Tana bukatar kamar bolt 2 da miliamper 20, watau amper 0,02. Batir yana ba da 12, saura 10 ke nan da za a tauye. R daidai yake da 10 a raba da 0,02, om 500. Wadda ta fi kusa a kasuwa daga sama ita ce 560, mai zobe kore, shuɗi, da ruwan ƙasa. A jera ta da LED, doguwar ƙafar LED wajen ƙari. In ta kama, kun yi aiki da dokar Ohm da hannunku. In an jona ba reziztans, ƙyaftawa ɗaya za ta yi ta mutu. Ku gwada wannan ma sau ɗaya, ya fi dogon bayani.

Ku koya da pil da batir da matattun rediyo. Kada ku koya da salular mutane, kada ku koya da 220. Ku zana haɗin bisa takarda kafin ku yi shi, ku ajiye kaye guda kuna rubuta abin da kuka auna da abin da kuka samu.

8. ABIN DA KE KISA

Iyaye, a nan muke roƙon ku saurara da kyau. Amper ne ke kisa, bolt ne ke tura shi cikin jiki. Miliamper 30 in ya ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Shi ya sa ake sa wa gidaje na'urar tsaro mai yankewa a wannan lamba. Jikin mutum in ya jiƙe da ruwa ko gumi bai wuce kamar om 1000 ba. Ku yi lissafin da kanku: 220 a raba da 1000, miliamper 220, ya ninka wancan sau bakwai. Akwatin nan da ke maida bolt 12 na batir ya zama 220, wutar da ke fita daga gare shi daidai take da ta birni wajen haɗari. Tsohuwar talabijin da caja suna riƙe wuta cikin kwandansater ko bayan an cire su.

Saboda haka: a kashe wuta kafin a taɓa, a auna a tabbata ta mutu, hannu busasshe, takalmin roba a ƙafa, kuma kada yaro ya yi aikin 220 ba gwani a kansa. In wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, sai ta haɗa ku biyu. A kashe daga tushe, ko a ture wayar da busasshen icce, a kai shi likita ko da ya ce ya warke. In waya ta kama da wuta, a yanke tushen, a zuba rairayi, ban da ruwa.

Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, amma yana da nasa sharri. Sifana ko zobe in ya haɗa kawunansa biyu, ƙarfen zai yi ja. Lokacin caji yana fitar da iska mai fashewa, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana, ba a kusanto shi da ashana ko taba. Ruwan cikinsa asid ne. In ya fantsama a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa kamar minti 15, a tafi likita. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba. Batir ɗin salula da ya kumbura ba a huda shi, ba a jefa shi a murhu.

Mataccen batir kuma ba a fasa shi a gida. Dalmar da ke ciki guba ce, ta fi cutar da ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa. A Thiaroye, kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana cire dalma. Ko matattun pil kada a bari yara su tsotsa ko su fasa. Wanda ya yi liƙi da dalma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

9. ILMIN NAN BA BAƘO BA NE

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne ko na ƴan birni. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kusa da mu. Ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasa, ONERSOL, shekaru masu yawa, ya rasu a 1991. Tun ana ganin abin kamar mafarki yake cewa arzikin ƙasar nan yana bisa kanmu. An kafa NIGELEC a 1968. Tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. A watan Agusta na 2023 ɗin nan, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, birane suka shiga duhu wata da watanni, har zuwa farkon 2024. Kowa ya ga darajar pano a lokacin, ya ga darajar wanda ya iya haɗa shi daidai.

Mai son ya yi nisa, hanya tana nan: cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM, makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, sashen lantarki na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a can Maraɗin, da EMIG a Yamai. Ƙofarsu duka ɗaya ce: sau da rabawa da lamba mai waƙafi. Yaron da ke gudun lissafi yau, shi zai ƙona kayan mutane gobe. Ƴan mata kuma da ku muke: aikin nan ba ya bukatar ƙarfin damtse, natsuwa yake so da hannu mai tsabta.

10. ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Abu uku muke roƙo. Na ɗaya, kafin a sake karo-karon batir, a fara sayen multimetir guda da ƴan fizibil, a ajiye su hannun ma'aji. Na biyu, a naɗa yara biyu, namiji da mace, su riƙa auna batir safe da yamma suna rubutawa, kuma in sun ce a kashe, a kashe, ko da ana tsakiyar ƙwallo. Na uku, a rubuta lissafin rumbu a manna a bango, duk mai son ƙara kaya ya fara ƙara lambarsa a takarda, a ga ko gona za ta ɗauka. Mu kuma malamai mun ɗauki alkawarin zama da masu koyo sau ɗaya a mako lokacin hutu, a ajin CM2, kyauta. Kowa ya zo da kaye da mataccen rediyo ko tocila.

In mun yi haka, da yardar Allah karatun dare zai dawo, iyayenmu mata su koma kan allonsu.

Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure a gyara mana.  Allah ya kiyaye mu da gobara, ya sa albarka ga yaranmu, ya kai mu damina lafiya. Amin.